Harufa Biyu a Fuskar Baturiya

Ƙara ce siririya, sau uku a jere, kamar kukan ɗan tsakon da ya ɓace wa uwarsa. Takan yi shiru kaɗan, sannan ta sake. Har yau in wani abu ya yi irin wannan ƙara kusa da ni, a banki ko a asibiti, sai in ji warin zanin gado mai danshi ya taso mini, in ga barandar gidanmu na Kakuri, ruwan Agusta yana zuba daga bakin kwano.

A daminar nan na gama sakandare, ina zaune a gida ina jiran jami'a. Kaka, mahaifiyar Baba, ta shekara a kwance. Ɓarin jikinta na hagu ya shanye, bakinta dai yana nan garau. Sunanta na ci, shi ya sa take kirana Takwara, Baba kuma yake ce mini Uwata. Kullum sai mun canja mata shimfiɗa sau biyu, wata rana sau uku. Ma'aikaciyar jinyar da ke leƙo ta ta ja mana kunne cewa kada a kwantar da ita a kan abu mai laima, domin fatar bayanta ta fara ja, kuma in ta fashe ta zama gyambo za a sha wuya kafin ta warke. Da rani wannan ba wani aiki ba ne. A Agusta kuwa rana takan kwana uku ba ta fito ba. Igiyoyin shanya suka ratsa falo, muna wucewa a sunkuye. Umma takan wuni tana bin zannuwan da dutsen guga na gawayi, tururi yana tashi, a taɓa a ji kamar sun bushe, bayan awa guda sanyin ya dawo cikinsu.

Gwaggo, ƙanwar Baba da ke aure a Abuja, ita ta aiko da na'urar busar da kaya. Ta hannu ce, irin waɗanda ake kawowa daga Turai, fara, da ƙofar gilashi zagayayya a cikinta. A-kori-kura ce ta kawo ta, aka ajiye ta a baranda kusa da kicin, mutumin da ya rako ta ya jona, ya danna madanni ɗaya, ya tafi. Kaka ba ta iya fitowa ta gani, don haka ta sa na kwatanta mata.

"Daga ina ta zo?"

"Daga Turai, Kaka."

"To, Baturiya ce. Ku tambaye ta ko tana cin tuwo, kada a dafa da ita a yi asara."

Sunan ya zauna. Zanin farko da Baturiya ta busar, ni na ɗauko shi, na tusa fuskata a ciki kafin in kai ɗaki. Ɗuminsa ya shige ni har ƙirji. Da na shimfiɗa wa Kaka, ta lumshe ido ta ce kamar an kwantar da ita a kan gurasar da aka sauke yanzu.

Washegari muna tsaka da busar da kashi na biyu aka ɗauke wuta. Ba wanda ya ɗaga kai, abin yau da gobe ne. Bayan la'asar aka maido da ita, firji ya ɗauki gurnaninsa, fanka ta juya, amma Baturiya ba ta motsa ba. Sai wannan ƙara, da harufa biyu jajaye suna ƙyaftawa a ƙaramin gilashin fuskarta: P da F. Umma ta danna duk madannin da ke jiki, ɗaya bayan ɗaya. Ta cire fulogi ta mayar. Harufan suka dawo.

Baba ma'aikacin lantarki ne a masaƙa, a da. An rufe masaƙar ina goye, don haka ban taɓa ganinsa da kayan aiki ba sai a bakin mutane. Abin da na sani shi ne mutum mai shiru a cikin ƙaramin kanti a bakin titi, yana auna sukari yana ƙulla omo a leda. An sha yi masa tayin aikin wayarin gidaje, yakan ce wanda ya saba da manyan injuna ba ya jin daɗin ɗaura ƙwai a silin. Daga baya idanunsa suka fara rauni, aka daina tayin. Akwatin kayan aikinsa na ƙarfe yana ƙarƙashin gado, Umma tana share gefensa ba ta taɓa jawo shi ba. In muka bi ta gefen katangar masaƙar, inda ciyawa ta tsiro a kan rufi, ba ya waiwayawa. Amma a gida kowane zance sai ya karkata can: shayi bai kai na kantin masaƙa ba, agogon bango bai kai jiniyar masaƙa cika alkawari ba.

Da ya dawo daga kanti a yammacin nan, ya tsaya gaban Baturiya, ya ciro tabarau, ya sunkuya. Ina kallonsa daga ƙofar kicin. Fuskarsa ta yi wani abu da ban taɓa gani ba, kamar wanda ya hango ɗan garinsu a tashar mota.

"Fawa fakta," in ji shi a hankali.

"Me ke nan, Malam?" Umma ta tambaya.

"Kafasito ne ya gaji. Wani ɗan gwangwani ne da ke tallafa wa mota, wato injin cikinta, ta tashi. Kada a kira kowa. Gobe zan duba ta."

Ni ce gwanar Turanci a ajinmu, har da kyautar littattafai na karɓa, kuma ban taɓa jin wannan kalma ba. A raina na yanke cewa Baba ya haɗa ta ne da kansa, ya ɗauki fawa, wato wuta a Turance, ya liƙa mata guntun faktori, tunda komai a wurinsa masaƙa yake komawa. Na ji tausayinsa. Wannan tausayin shi ne abin da nake jin kunyarsa yau.

Da safe bai buɗe kanti ba. Ya jawo akwatin, ya buɗe, ƙamshin tsohon man inji da tsatsa ya cika gidan. Ya shimfiɗa buhu a baranda ya jera sifana da filaya da sukudireba, kowanne ya goge shi da tsumma kafin ya ajiye. Ya kwance bayan Baturiya, yana zuba ƙusoshin a murfin gwangwanin madara. Can sai na ji yana wani ɗan fito ta tsakanin haƙora. Umma ta dakata da wanke-wanke, hannunta cikin kumfa, ta saurara har ya kai ƙarshe.

A cikin na'urar ya tarar da curin auduga mai toka-toka, da safar jariri guda ɗaya, shuɗiya, ba ta kai tsawon yatsana ba. Ya miƙo mini. Na daɗe ina juya ta, ina tunanin wata uwa a wani gari mai sanyi da ta neme ta har ta haƙura, da yaron da yanzu wataƙila ya fi ni tsawo.

Da azahar na ɗauki wayata na rubuta harufan biyu tare da kalmar na'urar. Amsar ba ta ɗauki minti ɗaya ba. Fawa feliya, wato ɗaukewar wuta. Ba abin da ya lalace. Baturiya tana sanar da mu ne cewa wuta ta yanke tana cikin aiki, kuma tana jiran a ba ta izinin ci gaba. Aka ce a duba fulogi da soket ko akwai inda ya saki, sannan a danna madannin tashi a riƙe shi, a ƙirga uku, ba a danna a saki ba. Shi ke nan.

Na zauna a bakin gado ina dariya ni kaɗai. Ashe akwai ƙasar da ɗauke wuta labari ne har na'ura za ta tsaya ta kai rahoto. A Kakuri tamkar mutum ya shigo da gudu ne ya ce mana ana ruwa a Agusta.

Na fito da wayar a hannu. Baba yana zaune a kan tabarma, bel ɗin gangar da ke juya kaya a kan cinyarsa, goshinsa da layin baƙin mai.

"Baba, na duba a waya."

"Waya iri biyu ce, Uwata," ya ce, bai ɗago ba. "Akwai mai ɗaukar wuta, akwai mai ɗaukar surutu. Wacce kika duba?"

"Mai surutun."

"To, riƙe mini tocilar nan. Haska nan, bayan motar. Kin ga gwangwanin? Shi ne."

Na haska. Yana murmushi irin na mutumin da ya san hanya. Maganar tana bakina, kalma biyar ce ko shida, amma na ga in na faɗe ta, akwatin zai koma ƙarƙashin gado, kuma ni ce zan zama na mayar da shi. Na ce wa kaina ai na'urar a warwatse take, ko na faɗa babu madannin da za a danna yau. Gaskiya ne, amma ba don haka na yi shiru ba.

Da yamma muka juya Kaka ni da Umma. Jan da ke bayanta ya ƙara faɗi, ya kai tafin hannu, tsakiyarsa yana sheƙi. Umma ta koma wajen dutsen gugarta. Na zauna ina shafa wa Kaka mai.

"Takwara, me ke cin ki? Ko saurayin ne bai kira ba?"

"Kaka, ni ina na ga saurayi, kullum ina nan ina jinyar tsohuwa."

"Tsohuwar da ta fi ki kyau." Ta ja numfashi ta hanci. "Ya buɗe akwatin, ko? Na ji ƙamshin tun safe. Haka rigarsa take yi in ya taso daga aiki, in ce masa ya tsaya a waje ya wanke hannu." Ta kamo yatsuna da hannunta mai lafiya. "Kada ku matsa masa. Bayan nan nawa ya jure shekara, zai jure kwana biyu."

Ba ta san abin da na sani ba. Na fita na taya Umma hura gawayi, hayaƙi ya ba ni dalilin share ido.

A rana ta uku Baba ya hau keke-napep ya ƙetare gada zuwa cikin gari, ya dawo da sabon kafasito a aljihu da ƙunshin wayar wuta mai kauri. Kafin ya mayar da komai sai ya kwance soket ɗin bangon, ya kira ni.

"Dubi nan."

Wayar ciki ta yi baƙi, robarta ta narke, ƙusar da ke riƙe ta tana lilo. Ya ce wannan siririyar waya ta rediyo ce, ba ta ɗaukar mai cin wuta irin Baturiya, da an bar ta wata rana sai ta kama. Ya ja sabuwa tun daga akwatin fis, yana auna kowane taku da ido rabi a rufe. Na tuna wayata ma ta ce a duba soket, na ɗan ji sauƙi.

Ya riga ya kira amininsa. Mu Baba na Narayi muke ce masa, Kirista ne daga kudancin jihar, shi ke kula da tukunyar tururi a masaƙa lokacin da Baba yake ɗakin wuta. Tun ana zaune unguwa ɗaya suke tare, kuma ko da ya koma Narayi bai daina aiko mana da shinkafar Kirsimeti ba, mu ma ba mu daina kai masa naman layya ba. Ya iso da lema mai karyayyen ƙarfe ɗaya, yana karkaɗe takalmi.

"Injiniya, an ce ka yi wa Baturiya tiyata. Ka tambayi danginta kuwa?"

"Mai Tukunya, zauna can nesa. Kai abin da ka sani ruwan zafi."

"Ruwan zafin nan ne ya rina atamfar auren matarka."

Umma ta yi dariya daga kicin, ta kawo masa kujera da shayi. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta kan katanga, wai tana neman aron rariya, ba ta kuma tafi ba. Akwai wuta a lokacin, kuma da ƙarfinta. Baba ya ɗaure ƙusa ta ƙarshe, ya goge hannu, ya ce Umma ta zuba zannuwan. Ya yi bismillah ya jona.

Ƙara sau uku. P da F.

Ya danna madannin tashi ya saki, yadda kowa ke danna madanni. Ya sake. Ya cire fulogi, ya jira, ya mayar. Harufan suka dawo suna ƙyaftawa, ruwa yana ta zuba a kan kwano. Maƙwabciya ta sauke kanta daga katanga.

Baba ya cire tabarau ya riƙe.

"Injiniya," Baba na Narayi ya ce, muryarsa ta sauka, wasan ya fita daga cikinta, "kayan yanzu ne. Ba da mu aka yi su ba."

"Wataƙila idon ne," Baba ya ce. "Wataƙila na juya wata waya ban gani ba." Ya dubi ƙofar ɗakin Kaka. "A kira masu gyaran. Na sa tsohuwa ta kwana biyu a kan sanyi."

Ya durƙusa ya fara mayar da sifanu cikin akwati, ba tare da ya goge ko ɗaya ba.

Akwai tsummar kicin a kafaɗata. Ban shirya komai ba, ƙafafuna ne suka kai ni.

"Baba, duk mai ya ɓata mata fuska. Bari in goge."

Na shimfiɗa tsummar a kan madannan, na goga hagu, na goga dama, babban yatsana ya sami wurinsa a ƙarƙashin ƙyallen. Na danna na riƙe, sauran yatsun suna ɗan motsi kamar ina kankare wani tabo. Ɗaya. Biyu. Ban taɓa sanin uku tana da nisa haka ba.

Wani abu ya yi ƙas a ciki. Harufan suka ɓace, lambobi suka fito, gangar ta yi juyi ɗaya mai nauyi, sannan ta kama tafiya. Zannuwan suka fara tashi suna faɗuwa a bayan gilashi.

"Ka gani?" Baba na Narayi ya buga cinyarsa. "Sabon kafasito sai ya sha wuta ya ƙoshi tukuna. Kai ne da gaggawa, tun muna samari."

Baba yana durƙushe, sifana a hannu. Ya dubi na'urar, ya dubi tsummar, ya dube ni, ya ɗan jima a kaina. Ban san me ya gani ba, ni dai na duƙar da kai ina ninke ƙyallen.

"Alhamdu lillahi," ya ce. Ya ciro sifanun da ya riga ya zuba, ya fara goge su ɗaya bayan ɗaya.

Kafin magariba Kaka tana kwance a kan zani mai ɗumi. Ta sa aka kira mata shi, ta ce ya matso ta shinshina rigarsa, sannan ta kore shi ya je ya wanke hannu. Bayanta bai fashe ba. Jan ya yi ta raguwa har ya zama inuwa.

Wuta kuwa ba ta fasa halinta ba, don haka harufan suka ci gaba da dawowa, wata rana sau biyu. Duk lokacin da ƙarar ta tashi sai in ɗauki tsumma in je. A haka abin ya zama al'adar gidanmu. In an maido da wuta sai ka ji Umma daga ɗaki tana cewa a goge wa Baturiya fuska. Kaka ta ce ai dole, mace ce mai son kwalliya, ba ta fita aiki da maiƙo. Aka kafa ƙusa a gefenta aka rataye mata tsummarta ta kanta, ba a goge komai da ita.

Akwatin bai koma ƙarƙashin gado ba. Maƙwabciyar nan ce ta fara kawo fankarta, sai mai injin markaɗe, sai wani da injin jan ruwa daga Kudenda. Baba ya sa benci a gefen kanti, ya sayi gilashin ƙara girma mai hannu. Sukari da omo suka koma hannun Umma. Da yamma yakan dawo da baƙin mai a farce, yana wannan fiton.

Ranar da zan tafi jami'a na ja Umma gefe na nuna mata. Na ce in tana gogewa ta danna nan, ta ɗan jima. Ta dube ni kamar za ta yi magana, sai ta ce, "To." Da na dawo hutu na tarar Baba ma yana yi. Yakan ɗauki tsummar daga ƙusa, ya shimfiɗa a kan madannan da kyau, ya tsaya yana kallon ruwan sama har gangar ta juya. Bai taɓa tambayata ba, ni ma ban taɓa faɗa ba.

Kaka ta rasu ina aji biyu, da rani, a kan busasshiyar shimfiɗa. Baba ya bi ta bayan na gama hidimar ƙasa. Baturiya tana nan a baranda har yanzu, ƙofarta sai an tokare da gwiwa, safar jaririn kuma tana cikin akwatin 'yan kunnena. Duk tsawon shekarun nan, in na tuna ranar, abin da nake gaya wa kaina shi ne na rufa wa mahaifina asiri a kan kalmar da ya ƙirƙira.

Kirsimetin da ya wuce na kai wa Baba na Narayi gaisuwa. Ya tsufa, yana tafiya da sanda, amma bakin yana nan. Bayan an ci an sha ya sa jikarsa ta ɗauko masa wata tsohuwar ambulan, ya zaro hoto ya miƙo mini. Samari biyu ne cikin kayan aiki, sun dafa kafaɗun juna, Baba da gashi cike da kai. A bayansu bango ne na ƙarfe jere da mitoci masu zagayayyar fuska. Ina kallon murmushin Baba sai idona ya sauka kan mitar da ke saman kafaɗarsa. A ƙarƙashin allurarta an rubuta harufa biyu: P da F.

Na nuna masa da yatsa.

"Wannan? Fawa fakta ke nan," ya ce. "Ita ke nuna ko wutar da injuna ke ja tana yin aiki ko tana tafiya a banza. Mitar mahaifinki ce. Kusan shekara ashirin, kowace awa sai ya je ya duba ta ya rubuta. In allurar ta sauka, kafasito ne ya gaji, sai ya canja. Kuma ban taɓa jin injin saƙa ya tsaya saboda ita ba a ranar da yake bakin aiki."